Jabir da Baƙon da Ya Tsaya a Ƙofa

Ƙila kun ji labarin da ya zaga unguwar Kwararafa a Jos bara, wai Jabir mai gyaran waya ya kafa sabon addini a shagonsa na Tina Junction, mabiyansa sun fi dubu, har daga Turai ake bugo masa ana roƙon ruwan sama. Wata ma ta rantse ta ga hayaƙi na fita ta kunnensa. Ni Labaran, ɗan kawunsa kuma taubashinsa, ba wanda ya kai ni jin daɗin labarin, sai dai ƙarya ne. Hayaƙin na dalmar da yake narkawa ne. Mabiyan kuwa ko bas ɗaya ba za su cika ba. Jabir sahun gaba yake salla, har da guntun baƙi a goshi.

Abin da ke akwai wasa ne a zauren WhatsApp. Sun ƙirƙiro wata duniya ta ƙarya, kowa ya ɗauki ɗaya daga cikin allolinta irin na tatsuniya, yana rubuta abin da nasa ya yi in layi ya zo kansa. Da Gwaggo Binta, mahaifiyarsa, ta ji kalmar alloli, sai da ta yi istigfari har muryarta ta dushe, kafin ya nuna mata hira ce kawai.

Jabir ya ɗauki na duwatsu, kuma ya dace, don tun muna yara sai ka roƙe shi kafin ya ce maka sannu. Somtochukwu, mai sayar da caja da murfin waya a shagon da ke manne da nasa, shi ya ɗauki na ruwan sama. Haifaffen Jos ne, surutunsa ya fi na rediyo. Kullum yana kan bencin Jabir, yana cinye masa gyaɗa yana kiransa Oga Dutse.

Su biyun suka kafa wasan, suka kafa masa dokoki. Ba a tsallake layin wani. Ba a sa wa allan wani magana a baki. Ba a kashe shi sai mai shi ya yarda. Wanda ya daɗe bai ce uffan ba, a ba wani aikinsa don kada labari ya tsaya. In rigima ta tashi, a fita da ita zuwa wani zauren daban, Jabir ya yanke hukunci. Na taɓa ganin ya bar kwastoma a tsaye yana raba faɗa tsakanin allan wuta da allan kifi. Na ce, "Bawana, alƙalin aljanu, a ba ka rawani ne ko a kai ka asibiti?" Ko ɗago kai bai yi ba.

Wata ranar kasuwa layi ya zo kan Somto. Ya rubuta cewa allan ruwa ya hau tsauni, ya tsaya a ƙofar allan duwatsu ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Buɗe, ina da magana." A ƙasa ya ƙara da cewa zai ƙarasa in ya dawo daga kai kaya. Da zai fita ya leƙo shagon.

"Oga Dutse, kar ka amsa fa, ban gama ba."

"Wace magana ce?"

"In na gaya maka yanzu, ina daɗin? Ajiye mini gyaɗa."

Ya shiga keke napep ya nufi Titin Bauchi. Wata babbar mota ta ƙwace wa direbanta, ta afka wa keken. Kafin a kai Somto asibiti rai ya yi halinsa.

Jabir ya je har gida gaisuwa, ya zauna cikin 'yan cocinsu. Wasan ya tsaya cak, tunda layin Somto ne. Da aka kwana biyu sai Pam, wani ɗalibin jami'a mai riƙe da allan noma, ya shigar da ƙara. Ya ce shi ma ya yi kuka, amma gonakinsa na cikin wasa sun bushe, doka ta ce a ba wani aikin wanda ya yi shiru, a rufe labarin allan ruwa a yi masa jana'iza ta girma. Wasu suka ce ba a kashewa sai mai shi ya yarda, kuma mai shi ba ya nan balle ya yarda. Zaure ya rabu biyu, aka koma jiran Jabir.

Ana cikin haka Obiamaka, yayar Somto, ta kawo wayarsa da gilashi a farfashe, tana son hotunan da ke ciki. Jabir ya gyara. Wayar ta kunnu a hannunsa, ga zauren a buɗe, ga wurin rubutu.

Ina wurin. Na ce, "To ga sauƙi ya zo. Rubuta da sunansa, ka ce ya yarda, ko ka ƙarasa masa maganar. Wa ya san shi kamar kai?"

Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya ce, "Shi ya kawo dokar nan, ranar da Pam ya sa allan ruwa ya durƙusa. Ba a sa wa wani magana a baki." Ya kashe ta, ya nannaɗe a leda ya miƙa wa Obiamaka.

Washegari ya yanke hukunci. Aikin ruwa ya koma hannun Pam, wasa ya ci gaba. Allan ruwa kuwa ba a kashe shi ba, yana nan tsaye a ƙofa, ba mai taɓa shi. Sai abu na ƙarshe, wanda ba wanda ya nema: tunda an ce wa allan duwatsu kar ya amsa sai an gama, shi ma ba zai sake motsi ba. Suka roƙe shi, Pam ma ya zo har shago ya ce ya janye ƙarar. Jabir ya ce doka ba ta san alƙali ba.

Yanzu yana raba musu faɗa, amma bai ƙara rubuta ko layi ɗaya na wasa ba. Yana sayen gyaɗa, ba ya ci. Ni nake taimaka masa da ita, saboda zumunci.

Jiya na biya ta shagon, na ga fuskar nan kamar an aiko masa da sammaci. Na miƙe ƙafa a benci na ce, "Ranka ya daɗe, sarkin duwatsun Filato. Wane irin mai gida ne kai? Baƙo ya shekara a ƙofa, ƙafafunsa sun kumbura, ka hana shi ko ruwan sha."

Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya dube ni.

"Ƙofar a buɗe take tun ranar da ya ƙwanƙwasa, Labaran. Wanda nake jira bai shigo ba, sai kai da ba wanda ya kira. Tashi daga bencin nan, wurinsa ne."