Murfin Kular Ƙanƙarata

Jiya na gaji da neman murfin kular ƙanƙarata, sai ga shi a ɗakin marigayi Baba, an yanka shi fiffiken jirgi, yana warin gam.

Baba da ƙananan jiragensa na rimot! Jirgi na tashi lafiya lau, sai ya ce, "Da saura," ya kwance shi, ya sa babban inji. Ran da ya ja ni lambunan Gamkale kallon sabon gudu, jirgin ya nutse cikin ganyen salatin mutane. Ni na sha faɗan mai lambu, shi Baba yana hure ƙasa daga farfela.

Na ce, "Baba, da furfurarka?"

Ya ce, "Riƙe min nan, ɗiyata."

Ƙanƙarata ta narke, fiffiken kuma na kasa yarwa. Allah ya jiƙanka, Baba, ya ba ka masaukin da babu sauran gyara.