Takardar Kwana Uku

Korona ta cinye mini aikin tuƙi, na yi wata da watanni a ɗakinmu na unguwar Najma, can ƙasar Larabawa, ina cin shinkafar mutane. Ana gab da fara gasar kofin duniya na samu aiki a wani jirgin ruwa na katako mai yawo da baƙi. Ranar kuma aka bugo daga Funtuwa cewa matata ta sauka, namiji. Murna kamar in yi tsalle, amma ko kuɗin igiyar ragon suna ba ni da shi.

Na roƙi mai jirgin, wani dattijon Balarabe, ya ba ni wani abu daga albashina. Ya ce atafau, mutum biyu sun karɓa sun gudu.

Na dawo ɗaki ina huci. Akwai wani tsohon mai gadi ɗan Zangon Kumasi da muke zaune tare, muna ce masa Baba. Ya ce, "Zauna, sarkin zuciya. Mahaifina jirgin kaya ya yi wa aiki a Takoradi. A zamaninsu in an ɗauke ka, ba a danƙa maka kuɗi. Takardar albashin wata guda ake rubutawa, ka bar wa iyali. Sai jirgi ya kwana uku da tashi, an tabbatar kana ciki, sannan a biya su."

Washegari na kai wa Balarabe maganar. Ya yi dariya har da buga cinya, ya rubuta: in na cika kwana uku ina aiki, kuɗi za su tafi Funtuwa.

Abin da ban gaya masa ba, tunda aka haife ni ko kwalekwale ban taɓa hawa ba. Wayyo cikina! In miƙa wa baƙo shayi ina murmushi, in ruga bayan jirgi in amayar da abin da ban ma ci ba. Baba ya ba ni citta in riƙa taunawa, ina! Rana ta biyu na rantse na bar aikin, sai na tuna ɗana, na koma.

Da la'asar ɗin rana ta uku Balarabe ya ce, "Yalla, mu je," muka nufi wurin tura kuɗi, ina tafe ina tangaɗi.

Ranar suna mahaifiyata ta bugo, ina jin hayaniyar mata ana suyar nama. Ta ce, "Wai kai ne a kan teku? Kai da ko rafi sai an riƙe maka hannu?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Wallahi sai da na yi hawaye, baƙi suna kallona.