Ranar da Kaka Ta Ɗinke Sa Hannun Golanmu

Mai yiwuwa wata rana in manta da sunayen malaman da suka koyar da ni, in manta har da ranar da na fara aiki, amma abin da kakata ta yi wa sa hannun golan garinmu, wannan kam ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Ni mayen ƙwallo ne tun ina ƙarami, ban kuma warke ba har yau. A lokacin da nake ba ku labari ina shekarar ƙarshe a sakandare, muna zaune a Dala ni da kakata, wadda ita ta rene ni bayan rasuwar mahaifina. Akwai wani cingam da ake sayarwa a shagunan unguwa, kowane ƙunshi da katin ɗan wasa a ciki. Cingam ɗin kansa ba daɗi, taunawa biyu ya zama roba, mu dai katin muke bi. Na cika gwangwanin madara da su fal. Kullum bayan la'asar muna majalisa a gindin dalbejiya muna musaya, ana ciniki ana rantse-rantse sai ka ce shanu ake sayarwa. Har wani kati nake da shi da na tsinta a aljihun rigar gwanjo, na wani Ba'amurke riƙe da sanda irin taɓarya zai doki 'yar ƙaramar ƙwallo. Ba wanda ya san wasan a cikinmu, amma da yake ni kaɗai ke da irinsa, na hana kowa.

Abu guda ne ke ci mini rai. Duk katunan nan na 'yan wasan Turai ne, alhali wanda nake so fiye da kowa shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar garinmu, kuma ba kamfanin da ya taɓa buga hotonsa. Ga shi ban taɓa ganinsa ido da ido ba, domin a shekarun da gari ba lafiya ƙungiyar a wani gari take buga wasanninta, mu sai dai mu kasa kunne a rediyo. Da abubuwa suka lafa aka ce wasa zai dawo gida, aka kuma ce golan namu ya samu ƙungiya a ƙasar waje, wannan ne wasansa na ƙarshe da mu. Sai na samu farin kwalin sukari na yanka shi daidai girman katunan, na ce in ba su buga masa ba ni zan yi masa nawa.

Ranar wasan filin ya cika maƙil, har da dattawan da suka zo da hula zanna da manyan riguna. Da aka tashi abokaina suka yi gaba neman keke napep, ni kuwa na lafe a ƙofar da 'yan wasa ke fita, rana tana dukana, har ya fito da jaka a kafaɗa. Na sha gabansa. Kwalin kawai na miƙa masa da biro. Ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Ina hoton?" Na ce ai ba su buga ba tukuna. Ya yi dariya, ya ɗora kwalin a cinyarsa ya yi wani zane mai lanƙwasa da kewaye, ya dafa kaina ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ƙanena." Da ƙafa na koma gida, ban ma san na yi tafiyar ba.

Washegari na ba da labari a majalisa, amma ban je da kwalin ba, don na san hannayen mutanena, kullum cikin man awara suke, ga warce. Babbanmu, wani dogo mai bakin tsiya da ke gyaran waya, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗin? Mutumin da ko 'yan jarida ba su samu ganinsa ba? Malam, rage mana hanya." Aka yi ta dariya. Raina ya ɓaci sosai, na ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan kawo, kowa ya wanke hannunsa ya zo ya gani. Ya ce in ban kawo ba, daga ranar sunana ya koma Maƙaryaci, kuma duk wanda ya san majalisarmu ya san in suka liƙa maka suna har 'ya'yanka sai sun gada.

To, a nan Kaka ta shigo. Tsohuwa ce Babarbariya, asalinta Zabarmari, ba ta yi boko ba, idonta kuma ya fara rauni. Tun da ta rasa mahaifina tsoro ya zauna mata a kaina. In na yi jinkirin dawowa zan tarar da ita a bakin ƙofa da lafayarta da carbi. Ta yi ta fama da ni in karɓi laya in ɗaura, ni kuwa ina ƙi, ina ce mata addu'arta ta ishe ni. Ashe duk kwanakin nan tana lura da ni. Ta ga na naɗe wata farar takarda a leda, ta ga ina wanke hannu kafin in taɓa ta, ina sa ta ƙarƙashin matashin kai, in ɗauko in duba in mayar. Ba ta tambaye ni komai ba.

Ranar Alhamis na dawo daga makaranta na ɗaga matashi, wayam. Na zazzage gwangwani, na kaɗe tabarma, na duba har cikin takalmi. Ina cikin haka na ji ta daga tsakar gida tana cewa, "Maigidana, wushe, sannu da dawowa. Zo ka ga abin da matarka ta yi maka." Na fito na same ta zaune kusa da kaskon turaren wuta, fuskarta cike da murna. Ta buɗe tafin hannunta, sai ga laya sabuwa fil, jar fata, da igiyar ɗaurawa a dantse.

"Irin wannan abu ba a barinsa a leda," in ji ta. "Na ga hatimin, babban malami ne ya yi shi. Na kai wa baduku ya ninke ya ɗinke maka da kyau, ko ruwan sama ba zai shiga ba."

Na karɓi layar na juya ta a hannuna. Kwalina, an ninke shi, an naɗe da zare, an bi shi da basilla. Mutumin da ya sa hannun kuwa ya riga ya bar ƙasar, ga Juma'a gobe. Magana mai zafi ta taso mini har maƙogwaro. Abin da ya tare ta shi ne ƙafafun Kaka da na gani, sun yi futu-futu da ƙura sun kumbura. Matar da ko zuwa bakin titi sai ta huta a hanya, ita ce ta taka har rumfar dukawa ta dawo.

Na zauna a gabanta na faɗa mata gaskiya tiryan-tiryan: ba malami ba ne, ɗan ƙwallo ne, sunansa kawai ya sa, kuma gobe abokaina ke jiran gani. Ta dubi layar da ke hannuna. Can ta ce, "Ɗan ƙwallo." Sai ta kama dariya har tana share ido da gefen lafaya, ni ma na bi ta. Amma da dariyar ta ƙare sai fuskarta ta sauka. Ta laluba ƙarƙashin tabarma ta ciro reza, ta ce in kawo ta farke mini, kada a mai da mata miji maƙaryaci a gari. Ta karɓi layar ta ɗora rezar a kan ɗinkin, ta ce a hankali, ba tare da ta dube ni ba, "Ni na ɗauka ka soma kula da kanka ne saboda ni. Tun da na ga takardar nan nake samun barci."

Ban taɓa sanin ba ta barci ba. Na riƙe hannunta na zare rezar, na miƙa mata dantsena na ce ta ɗaura mini. Ta ce, "Sunan ɗan ƙwallon?" Na ce ai da ya gama sa hannun ya dafa kaina ya sa mini albarka. Ta ɗan yi tunani, ta ce, "To, ba a banza ba ke nan." Ta ɗaura, ta tofa addu'arta a kai.

Ranar Juma'a na je majalisa da layar a dantsena. Kowa ya hallara, har da waɗanda ba su saba zuwa ba. Dogon nan ya miƙo hannu ya ce, "Mun wanke, kawo." Na naɗe hannun riga na nuna musu layar, na ba su labari daga farko har ƙarshe. Dariyar da aka yi ranar, wani har da kwanciya a kan benci. Da suka lafa wani ya ce a kawo reza a gani, na ce duk wanda ya taɓa ta sai mun kwashi 'yan kallo. Dogon ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ku ƙyale shi. Na yarda. Wannan yaron ba shi da basirar da zai ƙirƙiro irin wannan ƙarya." Suna dai ban tsira ba, don daga ranar na zama Mai Laya, har yau kuma haka tsofaffin abokaina ke kirana.

Ban sake ganin sa hannun nan da idona ba, ban kuma farke ɗinkin ba. Kaka tana nan da ranta, ta tsufa tukuf, kuma duk ranar da ta ji ina sauraron wasa sai ta leƙo ta ce, "Yaya malamin naka, yana kamawa kuwa?" Da a ce na bar ta ta farke, da na samu kwali mai ninki da hujin basilla na nuna wa mutane na 'yan mintoci, ita kuma ta koma kwana ido biyu. Abin da na koya shi ne, in mai ƙaunarka ya ɓata maka abu garin kula da kai, ka fara duba wahalar da ya sha kafin ka duba asararka. Na daɗe ina bin sa hannun mutumin da ya gan ni sau ɗaya, alhali wadda ba ta iya rubuta ko sunanta ba tana gida tana jiran dawowata kullum.