Korayen Mujallu a Gwanjon Jidda

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar Kano, ni da abokan tafiya biyu, kowa da jakarsa da haraminsa a leda. Umra ce ta fitar da mu, amma ni da wata buƙata da ba ta shafi ibada ba.

Ni malamin fiziks ne a jami'a. Ina da ɗalibi, magidanci mai 'ya'ya, malamin sakandare, wanda ya shafe shekaru yana lissafi a kan yadda zafi ke ratsa wasu ƙarafa, kuma a kan wannan aikin digirinsa na uku ya rataya. Muka tsamo zuciyar aikin muka aika wa babbar mujallar fanninmu. Ga wanda bai san ta ba, wasu malamai ƙalilan ne suka kafa ta a Amurka tun kafin Turawa su ci Kano. Da farko 'yar siririya ce, ta yi ta ƙiba har sai da aka raba ta gida-gida. Ba ta buga aikin kowa sai ta miƙa shi ga masanan da ba za ka taɓa sanin sunansu ba, sun tsefe shi tas. Ana ba da labarin wani gawurtaccen masani da aka yi wa haka, ya fusata ya janye takardarsa, mujallar kuwa ko gezau. A wajenmu, wanda sunansa ya fito a cikinta ko sau ɗaya, an daina yi masa gardama a wurin shan shayi.

Amsarsu ta zo a taƙaice. Mai tantancewar ya ce aiki ya yi kyau, amma mu duba wata maƙala da mujallar ta buga a baya, mu faɗi inda namu ya bambanta. To, laburarenmu ya daina samun mujallar tun da naira ta karye. Korayen kundayenta sun jeru sun tsaya cak a wata shekara, wadda muke nema kuwa tana gaba da nan. In aikin ɗalibina sabo ne, ya tsira. In an riga shi, sai ya koma farko.

Jirgi ya yi lattin da ya saba. Muka sauka Jidda, iska ta tare mu da ɗumi da danshi kamar an buɗe tukunyar tuwo. Muka wuce Makka muka yi abin da ya kawo mu, sannan muka dawo Jidda. Abokan tafiyata suka faɗa kasuwa neman tsaraba, ni kuma na sauka a unguwar Madain Fahd gidan Abu Yasir, jikan ƙanin kakana da ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. Haifaffen Jidda ne, direban motar kaya a wani sito a unguwar Khumra, Hausarsa rabi Larabci.

Tun ina gida na aika masa ya nema mini hanyar shiga laburaren wata jami'a. Ko yunƙurawa bai yi ba. A ganinsa babu abin da ke shigowa Jidda da ba ya ƙarewa a Haraj, babbar kasuwar gwanjo ta kudancin gari, don haka can ya je ya tambayi korayen littattafan Turanci. Na so in ji haushi, sai ga shi ya dace. Wani farfesa baƙo ne ya gama kwantiraginsa ya tafi, mai gida ya kwashe tarkacensa ya sayar.

Da safe muka ci tamis da ful, wato faffaɗar gurasa mai zafi da dafaffen wake, abinci mai araha da ke riƙe ciki har la'asar. Hanyar kudu shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ko ɗaya, cike da tireloli masu zuwa Madinar Masana'antu, wato unguwar kamfanonin Jidda, kuma kowa gudu yake kamar an biyo shi. A Haraj akwai firji da darduma da kujeru da takalmi ƙafa ɗaya. Ko'ina ka juya Hausa kake ji. Da yawa mutanenmu ne da suka zo umra suka zauna, suna dako, ido ɗaya a kan kaya, ɗaya a kan masu tambayar iƙama, wato takardar izinin zama.

Mai takardun mutumin Damagaram ne, a sikeli yake sayarwa ga masu shago su naɗe kaya. Ya jera mujallun bisa kaurinsu, masu ƙiba a ƙasa, ya ɗora fanka a kansu. Ya yaba mini takardar ƙwarai, ya ce ba ta saurin yagewa. Na daɗe ina ɗagawa ina ajiyewa kafin na ci karo da wadda nake nema. Na zauna a kan wata matacciyar na'urar sanyaya ɗaki na karanta.

Wasu mutum biyu ne suka rubuta maƙalar, a 'yan shafuka. Hanyar da ɗalibina ya bi ita suka bi, amsar da ya samu ita suka samu, har zanen ya lanƙwasa a inda nasa ya lanƙwasa. Sun buga tun kafin ya fara. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tuna yadda yake zuwa ofishina a kan babur bayan ya tashi daga koyarwa.

Abu Yasir ya ga fuskata, na yi masa bayani. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, ya duktur, bar shi a nan mana. Gobe an naɗe sabulu da shi. Ka ce ba ka samu ba, mafi mushkila, ba matsala."

Na ɗan juya maganar a raina. Amma mai tantancewar yana da nasa kwafin, manyan ɗakunan karatu na duniya ma suna da nasu. Mu kaɗai ne ba mu sani ba. Na sa aka auna mini mujallun duk shekarun da muka rasa.

Saura ɗauka. Mai dawowa daga umra ba ya da sauran kilo, barguna da dabino da zamzam sun cinye. Sai na bi al'ada na shiga roƙon aron kilo a filin jirgi. Da aka ji littattafan ilimi ne, kowa ya karɓi ɗaya ko biyu ya cusa a jakar hannu. Wata tsohuwa ta tambaya ko sai da alwala ake taɓawa. Na ce a'a, duk da haka ta naɗe nata a mayafi. A Kano na sha gumi kafin na tattaro su a cikin turmutsitsin 'yan tarba.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. Na daɗe ina ɗaukar mujallar nan a matsayin wurin da ake fito da suna. Ashe babban aikinta shi ne ta sanar da kai abin da aka riga aka gama, kuma mun yi shekaru muna aiki ba mu jin wannan sanarwar.

Ɗalibina na cikin 'yan tarba. Ya karɓe mini jaka, ya tambaya ko an samu, na ce an samu, ya yi ta hamdala har mota. Sai da muka isa gida aka watse na miƙa masa mujallar, na buɗe masa shafin. A tsaye ya karanta, ya koma farko ya sake bi da yatsa, ya daɗe a kan zanen. Sannan ya rufe ta a hankali.

Ya ce, "Ashe lissafinmu daidai ne, Malam."