Dabinon da Vienna Ta Ƙi Karɓa

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Al Thumama, ni da 'yata ta fari, jirgi ya sauke mu a Vienna wajen azahar. Tana shekarar ƙarshe a jami'a a nan Doha, kundinta kuma a kan wani shugaban gwamnatin Ostiriya ne na tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, ɗan gajeren mutum da ya rufe majalisa, daga baya 'yan Nazi suka harbe shi a ofishinsa. Malaminta ya ce in ba ta ga takardun asali ba, khalas, shi ke nan, sai ta maimaita shekara. Ni kuwa kwana uku kacal kamfani ya ba ni.

Gari ne tsaf, jirgin ƙasa na ratsa tsakiyar titi, mutane ba ruwansu da gaisuwa. Kofin gahawarsu ɗan mitsitsi, ga tsada, har na yi kewar shayin karak na bakin titinmu.

Washegari muka je gidan adana takardun tarihi. Ni ban iya shiga wurin mutum hannu rabbana ba, don haka na ajiye wa matar da ke kan tebur kwalin dabino da ɗan turare. Nan take ta haɗe rai, ta ture kwalin, ta ɗaga waya. Ashe cin hanci ta ɗauka! Na ga shekarar yarinyar nan za ta salwanta a hannuna.

"Baba, don Allah ku jira ni a waje," in ji 'yata a hankali.

Na kwashi dabinona na fita sumui-sumui. Ta gilashi na hango ta tana bayani da Jamusancin da ban san ta ƙware a kai haka ba. Can matar ta ajiye wayar, ta yi dariya, ta miƙa mata fensir, don ba a shiga da biro.

Awa biyar na yi a benci ina kallon tattabaru. Da ta fito, tun daga nesa take ɗaga min wayarta cike da hotunan wasiƙun mutumin.

"Na samu, Baba!"

Wallahi sai da na share hawaye.

Muka dawo Doha, zafi ya tarbe mu tun daga ƙofar jirgi. Makon jiya ta kare kundinta, malaman suka miƙe suna tafa mata. Na tafi ina ganin ni ne jagora, na dawo na san ni aka raka. Dabinon kuwa, da shi muka yi walima.