Ƙarfen da Lawali ya bar wa marayun Isufu

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Isufu makwancinsa a nan Gaya. Ni ba marubuci ba ne. Tun a firamare na bar lakwal na bi mota, kuma har yau abin da na sani ke nan, sitiyari da hanyar Kwatano. Amma bana na ce sai na yi magana a jarida, don na gaji da jin "Allah ya jiƙan Isufu" daga bakin da ya ci amanarsa.

Duk wanda ya yi hulɗa da duwan, wato kwastan, a shekarun baya ya san shagonsa a kan hanyar gadar iyaka. Nan masu shirya takardun kamiyo, manyan motocin kaya, suke zuwa a buga musu, a ɗauki hoton takarda, a ajiye musu kwafi. Shagon na mutum biyu ne, Isufu da amininsa Lawali, wanda suka taso tare tun suna wanka a kogi. Isufu ne mai hannu, Lawali ne mai baki.

Na'ura biyu ce ke riƙe da shagon. Babbar, ni na ɗauko ta daga Kwatano a tsakanin buhunan shinkafa. Serwar ake ce mata, irin wadda bankunan Turai ke mora har ta tsufa sannan su zubo mana. Sai mutum biyu ke ɗaga ta. Isufu ya buɗe ya nuna mini ƙwaƙwalwarta, abin da suke kira purosesar, har guda biyu. Ya ce an ƙera ta don ta ɗauki aikin mutane da yawa a lokaci ɗaya, ba hutu, amma a ɗaki mai sanyi, da kuran, wato lantarki, da ba ya yankewa. Na ce, "Yaya, a Gaya ina za ka samo waɗannan biyun?" Ya yi dariya ya ce in koma wajen tayoyina.

Ya sha wuyarta kuwa. In an kunna ta, ruri take kamar injin niƙa, ta fi firigo shan kuran, a watan zafi sai an sa mata bantilater nata na kanta yana hura mata iska. In an ɗauke wuta, batir ba ya riƙe ta ko na shan kofin shayi. Shi ya sa a shekararsa ta ƙarshe ya sayo ƙarama, wadda faɗinta bai kai na faifai ba, mai ƙwaƙwalwa irin ta ordinatar, wato kwamfutar da ake sawa a jaka. Da na gan ta, na ɗauka kayan wasa ne.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Kun san yadda muke yi. A fito da komai tsakar gida, liman da dattawa su zauna, abin da ba su san darajarsa ba su tambayi wanda ya sani. Dole a fara raba shagon biyu a cire kason Lawali, sauran ya zama na matar yayana, Hadiza, da ƴaƴanta uku. To wa ya san na'ura a gidan nan in ba Lawali ba? Dattawanmu sun iya kimanta bijimi, sun iya kimanta buhun gero. Suka ga ƙatti biyu na nishi wajen ɗaga ɗaya, suka ga ɗayar a tafin hannu.

Lawali ya tashi, ido jawur. Ya ce, "Malam, wannan ƙwaƙwalwa biyu gare ta, wannan ɗaya. Wannan da tana sabuwa ta fi mota tsada. Ni ba zan iya ɗaukar babba in bar wa marayu ƙarama ba. Ku ba ni ƴar mitsitsiyar, ta ishe ni tunawa da shi."

Liman ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a mai tsawo. Mata suka yi kuka. Duk muka shafa.

Hadiza ta kama ɗaki a bakin kasuwa, ta ɗauki mai aiki. Kafin damina ta faɗi an rufe. Abin da ƙarfen nan ke sha ya fi abin da yake kawowa, kuma masu takardu ba su zo ba, don Isufu ya riga ya kwashe kwafinsu ya mayar cikin ƙaramar. Can suka bi Lawali, inda ya kafa fanon sola ɗaya a kan rufi, yana aiki ko gari duka ba wuta. Muka ce sa'a ce, Allah ne ya saka masa alherinsa.

Bara nake zaune da Malam Hamidu, tsohon mai shirya takardu, sai zancen ya taso. Ya dube ni ya ce, "Garba, kai da gaske ba ka sani ba? Ai a gabana Isufu ya jera su biyun ya ba su aiki iri ɗaya. Ƙaramar ta gama, babbar tana nan tana ruri. Ya ce aikinmu ɗaya bayan ɗaya yake zuwa, ba ya son ƙwaƙwalwa biyu tsofaffi, ɗaya sabuwa mai sauri ta isa. Ya ce ƙaramar ce shagon yanzu."

Na ce, "Lawali yana wurin?"

Ya ce, "Shi ya riƙe agogo."

Na sami Lawali a sabon shagonsa. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Haba ƙanena, me na faɗa da ba gaskiya ba? Biyu ce ko ba biyu ba? Ta fi mota tsada ko ba ta fi ba?" Wannan ne ke cina har yau. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya zaɓi gaskiyar da za ta yi masa aiki, ya binne sauran tare da yayana.

Wani lokaci ina tunanin me Isufu zai ce da ya ga yau. An rufe iyaka, gada ta yi shiru, motata na tsaye, kuran sai ya ga dama. Na san zai ji daɗin ganin ƙananan na'urorin nan a kowane shago, don shi ya fara gane cewa a garin da ba wuta, wadda ba ta ci da yawa ita ce babba. Ba ya jin kunyar canza ra'ayi in ya gwada ya gani. Abu ɗaya ne bai taɓa jerawa ya gwada ba, shi ne mutumin da ke tsaye a gefensa.

Abin da ya rage nasa shi ne ƴaƴa uku da Hadiza ta raina da tuyar ƙosai, babu wanda ya bar karatu. Sai kuma ƙarfen. Masu sayen bola daga Kamba sun yi ta zarya, ta hana. Ta shimfiɗa masa zane a zaure.

Da Sallar da ta wuce Lawali ya zo gaisuwa da jama'arsa, babbar riga na ƙamshi. Ya nemi wurin zama ya zauna. Hadiza ta fito da ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce, a gaban kowa, "Alhaji, a ɗan matsa. Kason marayu ne aka zauna a kai."