Makokin Nura da aka yi a Tottenham

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan da aka kashe abokina Nuruddin, wanda muke kira Nura, kuma har yau babu wanda ya san inda kabarinsa yake.

Bahabashe ne, ɗalibin injiniya. Mun zauna gida ɗaya a Tottenham lokacin da kuɗin mai ya ruɗa ƙasarmu, gwamnati na turo mu karatu London muna ta sayen kwat da rediyo. Shi kuwa kwat ɗaya gare shi, sai baki. Kullum zancensa sarkinsu, wanda maganarsa ce doka, wanda fadarsa ta ɓoye yunwar da ke cinye talakawa. Nakan tsokane shi da cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Nan take zai ajiye cokali ya ce wannan karin magana bafade ne ya ƙirƙire ta, sarki ya ba shi riga.

Ranar da sojoji suka fitar da sarkin daga fada a ƙaramar mota, Nura ya rungume ni har numfashina ya ɗauke. Na ce masa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ni kuwa ban taɓa ganin soja ya karɓi kujera don ya miƙa wa ɗalibi ba. Ya ce mu 'yan Najeriya mai ya toshe mana kunne. Ya bar karatu ya koma gida gina sabuwar ƙasa. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago. Ba a jima ba sojojin suka juya kan ɗaliban da suka yi musu tafi, aka ɗauke Nura daga gidan mahaifiyarsa, bai dawo ba.

Kisan ya yi mini ciwo, amma abin da ya biyo baya ya fi tsaya mini a rai. An hana makokin duk wanda aka kira maƙiyin juyin juya hali. Ba zaman ta'aziyya, ba kuka a ji. Mahaifiyar Nura ta haɗiye nata kusan shekara biyu, don akwai sauran 'ya'ya a gida, maƙwabta kuma suna kai rahoto.

Ƙanwarsa Zahra, ma'aikaciyar jinya a nan London, ita ta samu ta fito da tsohuwar. Ɗakin Zahra bai isa taro ba, sai muka ce a yi zaman makokin a flat ɗinmu, ni da matata Binta. Hausawa suka cika falo, ɗalibai da likitoci. Tsohuwa ta zauna a ƙasa ta dubi ƙofa, ta yi wa 'yarta magana ƙasa-ƙasa. Zahra ta fassara mana: tana tambaya ko a garin nan ana barin mutum ya yi kukan ɗansa.

Aka ce ana bari. Ta fara a hankali kamar mai koyo, sannan muryar ta fashe.

Mu kuwa Hausawa abu ɗaya muka iya a gidan mutuwa. Wani dattijo, Alhaji Sule, mutumin kirki ƙwarai, ya matsa ya ce a gaya mata sai haƙuri, ta daina kuka, addu'a mamaci yake buƙata. Sauran suka amsa da sai haƙuri. Zahra ta fassara, tsohuwa ta yi tsit nan take, ta goge fuska, ta sake duban ƙofa. Ta saba da a ce ta daina.

Binta ce ta miƙe, ita da ba ta ɗaga ido gaban manya. Ta ce, "Alhaji, haƙurin nan ta yi shi har ya kusa kashe ta. A bar ta. Ko maƙwabta za su yi complain wa council, a bar ta." Amma tsohuwa ba ta sake kuka ba, ranar ko bayanta. Ta rasu a nan London, mu muka kai ta.

Nakan tambayi kaina me Nura zai ce da ya ga yau. Sarautar ba ta dawo ba, sojojin da suka kashe shi su ma an kore su, ƙasar kuma ba ta daina zubar da jini ba. A wayata ina ganin samarin ƙasashenmu suna hawa motar soja suna tafi duk sa'ad da aka yi juyin mulki, da irin hasken idon da na sani. Ina jin da yana nan, cikinsu zai shiga. Zaluncin da ya ƙi gaskiya ne, ban kuma ga abin da mutuwarsa ta gyara ba.

'Ya'yan Zahra a unguwar Barking suke, hoton Nura kawai suka sani, in an yi musu zancensa su amsa da Turanci su koma kan waya. Waɗanda suka san muryar Nura saura mu biyu, ni da Zahra, kuma dukanmu mun haura saba'in.